ABIN DA AKA ZUBA A ƘASARMU, A GAYA MANA SUNANSA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, ruwan da muke sha a gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela daga ƙasa yake fitowa. Na rijiya daga ƙasa yake, na famfo ma haka. Ruwan noman rani kuwa a kan ƙasa yake gudu kafin ya taru a tafki ko a madatsa. Saboda haka duk abin da aka zuba a ƙasa, wata rana yana iya dawowa cikin randa.

Yau za mu yi bayani a kan magana ɗaya. Idan mutum ko kamfani zai zuba wani sinadari cikin ƙasa ko cikin ruwa, wajibi ne ya gaya wa mutanen wurin sunansa. Za mu fara da labarin ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana gardama a kan wannan. Daga nan mu dawo gida, ga kwalaben maganin ƙwari da ke garakenmu.

Mene ne sinadari?

Sinadari shi ne ainihin abin da aka haɗa wani abu da shi. Gishiri sinadari ne. Kanwa ma sinadari ce. Wani sinadarin ba ya cutarwa. Wani kuwa, cokali ɗaya ya isa ya kashe sa. Ido ba ya rarrabe su, hanci ma ba kullum ba. Sunan da masana suka ba kowanensu shi ne ke rarrabe su.

Yadda ake fasa dutse a fitar da mai

A wasu ƙasashe man fetur da iskar gas suna ƙulle cikin dutse mai tauri, can ƙarƙashin ƙasa. Ko an haƙa rijiya ba sa fitowa. Sai aka samo dabara. Ana haƙa rami mai zurfin kilomita biyu ko uku, sa'an nan a karkata shi ya bi cikin dutsen a kwance. Daga nan manyan injuna su tura ruwa da ƙarfin gaske, har dutsen ya tsattsage. Ana haɗa ruwan da yashi, domin yashin ya toƙare tsagar kada ta rufe. Ta nan mai da gas suke samun hanya. An fara gwada wannan dabara a Amurka a 1947, amma bayan shekarar 2000 ne ta bazu ƙwarai. A nan za mu kira ta fasa-dutse.

Ban da ruwa da yashi, ana zuba sinadarai. Akwai ruwan asid mai cin dutse. Akwai mai kashe ƙwayoyin cuta don kada bututu ya lalace. Akwai mai sa ruwa santsi, da mai sa shi kauri kamar kunu. Kamfanoni sukan ce sinadaran kaɗan ne, kamar lita ɗaya ko biyu cikin duro mai lita 200.

To, bari mu yi lissafi tare. Rijiya ɗaya tana iya shan ruwa lita miliyan 15. Wannan duro 75,000 ke nan. Idan kowane duro yana da lita ɗaya ta sinadari, an sami lita 75,000, wato duro 375 cike da sinadari zalla, a rijiya ɗaya tak. Wani ɓangare na ruwan yana dawowa sama da gishiri da dauɗa. Idan bututu ya tsage, ko tanki ya zube, ko aka watsar da ruwan inda bai kamata ba, yana iya haɗuwa da ruwan sha.

"Sirrin sana'a ne"

Mutanen da ke zaune kusa da rijiyoyin suka tambaya: me kuke zubawa? Kamfanoni suka amsa cewa sirrin sana'a ne, idan suka faɗa abokan gasa za su kwaikwaya. A 2005 kuma majalisar dokokin Amurka ta cire wannan aiki daga ƙarƙashin dokar kare ruwan sha, in dai ba gazuwal aka zuba ba.

A 2008, a garin Durango na jihar Kolorado, aka kai wani ma'aikaci asibiti, ruwan fasa-dutse ya jiƙa masa tufafi. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi ta shaƙi warin. Bayan ƴan kwanaki ta kwanta rai a hannun Allah, hantarta da zuciyarta da huhunta duk sun taɓu. Likitoci suka nemi cikakken bayanin abin da ke cikin ruwan, kamfanin ya ce sirri ne. Ta rayu, amma likitocinta sun yi aikinsu cikin duhu.

A 2011 wasu ƴan majalisa suka fitar da rahoto. Sun gano cewa daga 2005 zuwa 2009, kamfanoni 14 sun yi amfani da haɗe-haɗe fiye da 2,500, waɗanda ke ɗauke da sinadarai iri 750. Guda 29 daga ciki suna cikin waɗanda aka sani ko ake zargi da kawo ciwon daji, ko waɗanda doka ta sa wa ido saboda haɗarinsu ga ruwa da iska.

Jama'a ba su yi shiru ba. A 2010 jihar Wayomin ta zama ta farko da ta tilasta wa kamfanoni su ba hukuma sunayen. A 2011 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna FracFocus, inda ake rubuta sinadaran kowace rijiya, kowa ya duba. Jihar Tekzas ma ta yi doka a wannan shekara. Sai dai an bar ƙofa a buɗe. Da hukumar kare muhalli ta Amurka ta binciki abin da aka rubuta daga 2011 zuwa 2013, ta tarar cewa cikin kowace rijiya 10, kamar 7 an ɓoye sunan aƙalla sinadari ɗaya. A 2016 hukumar ta bayyana cewa fasa-dutse yana iya taɓa ruwan sha a wasu halaye. A 2022 Kolorado ta sake doka: a ba hukuma dukan sunaye, a fitar da jerinsu fili, a kuma sanar da maƙwabtan rijiya.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Faransa ta hana fasa-dutse ɗungum a 2011. A maƙwabciyarmu Aljeriya, mutanen garin In Salah da ke tsakiyar Sahara sun yi watanni suna zanga-zanga a 2015, bayan an haƙa rijiyar gwaji kusa da su. Tsoronsu ɗaya ne: ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ba su da wani bayansa.

Me ya sa suna yake da muhimmanci haka?

Dalilai uku ne.

Na farko, likita. Kowace guba da maganinta. In bai san sunan ba, sai ya yi ta lalube, lokaci kuwa yana tafiya.

Na biyu, awon ruwa. Masu awo ba sa iya neman kome da kome cikin kwalba ɗaya. Sai an gaya musu abin da za su nema. Wanda bai san kamannin akuyar da ta ɓace ba, ba zai gane ta a kasuwa ba.

Na uku, hakki. Idan rijiyar gari ta lalace, kuma ba wanda ya san abin da aka zuba, ba a iya nuna mai laifi.

Mu dawo gida

A gundumominmu uku babu rijiyar man fetur. Man ƙasarmu a Agadem yake, cikin jihar Difa. Tun 2011 ake tace shi a matatar SORAZ kusa da Damagaram. Bututun da ke kai ɗanyen mai bakin teku a ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa kudancin jiharmu ta Tawa, kuma a 2024 aka fara lodin man a jirgin ruwa.

Amma sinadarin da ba a san sunansa ba, wanda ya fi kusa da mu, yana hannunmu. Shi ne maganin ƙwari da maganin ciyawa. Gandun noman rani na Ƙwanni ya haura hekta 2,400, yana shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kwarin Maggiya. A Galmi ana noman albasar da sunanta ya kai ƙasashen bakin teku. A Badagishiri da sauran fadamu ana noman tumatir da kabeji da tattasai. Duk wuraren nan ana feshi. Abin da aka fesa kuwa, wani ya zauna a ganye, wani ya shiga jikin mai feshi, wani ya bi ruwa zuwa rijiyar garka, wadda sau da yawa ba ta da zurfi.

Da yawa daga cikin magungunan nan ta kan iyaka suke shigowa. A kasuwa mukan ga an ɗura magani cikin gorar ruwa ko ƙaramar kwalba, babu takarda, babu suna. Mai saye ya ce, "Ba ni mai ƙarfi." Mai sayarwa ya ce, "Wannan ba ya barin kome." Shi ke nan ciniki ya faɗa. Wannan ma ɓoye suna ne, kamar na kamfanonin Amurka. Bambancin kawai, a nan mu ne muke biyan kuɗi mu kai abin gonarmu.

Magani uku, hali uku

Ga misali da zai nuna mana amfanin suna. Mun rubuta sunayen kamar yadda suke a jikin kwalba.

Dichlorvos, ko DDVP. Shi ne ke cikin abin da muke kira piya-piya. Wanda ya sha shi ko ya shaƙa da yawa, miyau yana dalala, gumi yana karyo masa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ya yi amai da zawo, numfashi ya yi wuya. Wannan yana da allurar da ke karya shi, sunanta atropine. In an kai mutum da wuri, ana iya ceto shi.

Paraquat. Maganin ciyawa ne. Yana ƙona baki da maƙogwaro. Mutum yana iya ganin kamar ya samu sauƙi, amma cikin kwanaki huhu da ƙoda su lalace. Ba shi da makari. Kurɓa ɗaya tana iya kisa.

Lambda-cyhalothrin. Maganin ƙwari ne da ake yawan fesa wa kayan garka. Yana sa fuska da hannu zafi da ƙaiƙayi. Kulawarsa dabam ce da ta biyun farko.

Dukansu uku ruwa ne a kwalba. Idan aka kawo marar lafiya aka ce kawai "magani ya sha", likita bai san wanne ba ne. Idan aka kawo kwalbar da takardarta, nan take ya san inda zai dosa.

Doka tana bayanmu

Ƙasashen Sahel, har da Nijar, suna da kwamiti ɗaya mai tantance maganin ƙwari. Ana kiransa CSP, ya fara aiki a 1994, mazauninsa Bamako. Shi ke duba magani kafin a yarda a sayar da shi. Ta hanyarsa aka hana endosulfan a 2007, aka hana paraquat a 2011, aka hana atrazine da carbofuran a 2015. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin sunayen nan a kwalba, ya san haramtaccen kaya ne a ƙasarmu. Nijar kuma tana da dokarta ta kare tsirrai ta 2015. Malaman gona da ofishin kare tsirrai suna da jerin magungunan da aka amince da su. Tambayarsu ba ta cin ko dala.

Yadda za mu karanta takardar kwalba

Takardar da ke manne a jikin kwalba ita ce bakin maganin. Ga abubuwa shida da za mu duba kafin mu ba da kuɗi:

1. Sunan sinadarin. Babban sunan da ke sama na talla ne, kamfani ke zaɓensa. Sunan gaskiya yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Da Faransanci yana bayan kalmomin "matière active", a kayan Najeriya kuma bayan "active ingredient". Kwalabe biyar masu suna dabam-dabam suna iya zama sinadari ɗaya.

2. Lambar amincewa. Wadda kwamitin Sahel ya bayar tana ƙarewa da kalmar SAHEL.

3. Launin da ke gindin takarda. Ja, guba ce mai tsanani. Rawaya, mai cutarwa ne. Shuɗi, a yi hattara. Kore ya fi sauƙi, amma shi ma ba abin wasa ba ne. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu yana nufin mutuwa.

4. Amfanin gonar da aka yi shi dominsa. Maganin auduga ba na tumatir ba ne, ba na zogale ba ne.

5. Kwanakin jira. Takarda tana faɗin kwana nawa za a bari tsakanin feshi da ɗiba. Wanda ya fesa yau ya kai kasuwa gobe, guba ya sayar wa ƴan'uwansa.

6. Ranar da aka yi shi da ranar lalacewarsa.

Kwalbar da ba ta da takarda, ko takardar ta goge, ko an rubuta ta da harshen da ba mai karanta shi a garinmu, mu bar wa mai ita kayansa, kome arharta. Wanda bai gama iya karatu ba, ya kwafi sunan baƙi bayan baƙi a littafinsa, ya kai wa malamin gona ko malamin ajinsu.

Mu riƙe littafin feshi

Abin da aka tilasta wa kamfanonin Amurka, mu ma za mu iya yinsa da kanmu. Kowace ƙungiyar manoma ta sayi littafi ɗaya. Duk wanda ya yi feshi a rubuta abu huɗu: rana, sunan sinadari, yawan abin da aka zuba, da gonar da aka fesa. Littafin ya zauna wurin magatakarda, kowa yana iya dubawa. Ranar da kifi ya mutu a tafki, ko tumaki suka faɗi bayan shan ruwa, ko yaro ya kwanta, akwai inda za a buɗa a gani.

Haka nan, mai feshi ya sanar da maƙwabcin gonarsa da makiyayin da ke kiwo kusa. Ya gaya wa matan da ke tsinkar ganye a kan kunya. Ɗan ƙwadagon da aka ɗauka feshi shi ma yana da hakkin sanin abin da ya goya a bayansa.

Kada mu wanke famfon feshi a magudanar ruwa ko a bakin rijiya. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfon feshi, sa'an nan a huda ta don kada wani ya ɗauka. Ba a zuba ruwan sha ko mai ko nono a cikinta har abada. Wajen ajiyar wake kuma, buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin an ɗaure shi da kyau.

Idan tsautsayi ya faɗa

A fitar da mutum daga wurin zuwa inda iska ke kaɗawa. A tuɓe masa tufafin da magani ya taɓa. A wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu. In a ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Kada a sa shi amai da ƙarfi. Kada a ba shi nono ko man gyaɗa ko manja, domin ba sa karya guba, wani lokaci ma suna taimaka mata shiga jiki. A garzaya da shi asibiti, ko da ya ce ya ji sauƙi. Kuma kada a manta da kwalbar. A ƙulle ta cikin leda a tafi da ita.

Idan babban aiki ya zo garinmu

Wata rana kamfani yana iya zuwa haƙar ma'adini, ko gina masana'anta, ko haƙa rijiyar burtsatse. Dokar Nijar ta 2018 ta ce kafin babban aiki sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutane, kuma a ji ta bakin jama'ar wurin. Idan aka kira taro a ƙofar hakimi ko ta maigari, mu je, maza da mata, mu yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi:

Waɗanne sinadarai za ku yi aiki da su? A ba mu sunayensu a rubuce.

Ina za ku zuba ruwan da kuka gama aiki da shi?

Za a auna ruwan rijiyoyinmu kafin a fara aiki? Wa zai riƙe takardar awon?

An ba likitan garinmu jerin sunayen?

In abu ya zube, wa za mu kira?

Awon farko yana da muhimmanci ƙwarai. In ba a san yadda ruwa yake jiya ba, ba a iya tabbatar da cewa yau ya canza. Ko sabuwar rijiyar sha aka haƙa mana, mu nemi takardar awonta. A Tibirin Gobir, cikin jihar Maraɗi, an fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi a 1985. Ruwan garau yake a ido, amma yana ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima, wanda daga dutsen ƙasa yake fitowa. Sai da aka yi shekaru, haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, kafin a daina shan sa.

Kammalawa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, sun kuma ce matambayi ba ya ɓata. Mutanen Amurka sun yi shekaru suna tambaya kafin a fara ba su amsa. Tamu tambayar ta fi sauƙi, domin amsarta tana jikin kwalba. A wannan mako kowanenmu ya duba maganin da ke ɗakinsa ko bukkar garkarsa. Ya nemo sunan sinadarin, ya rubuta shi, ya duba launin gindin takardar. Wanda ya tarar da kwalba marar suna, kada ya fesa, kada ya zubar a ƙasa. Ya ajiye ta nesa da yara da abinci, ya nemi shawarar malamin gona.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.